Sarkin Rum Yuliyanus: Iko Ba Ya Ta Da Matacce

Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ganina amfanin karatun tarihi ke nan, ko da kuwa tarihin na wata al'umma ce mai nisa da mu, wadda ta shuɗe tun shekaru aru-aru. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu, mu duba labarin wani Sarkin Rum mai suna Yuliyanus, wanda ya riƙe daular shi kaɗai daga shekarar 361 zuwa 363 ta Miladiyya, ya kuma ɗauri aniyar mayar da ita ga bautar gumakan kakanninsa bayan Kiristanci ya riga ya shiga fada. Kiristoci sun laƙaba masa suna Mai Ridda, sunan kuwa ya bi shi har yau. Ra'ayina game da shi, mutum ne mai ilmi da jaruntaka da gudun duniya, amma ya yi kuskure biyu manya. Na farko, ya zaci ikon sarauta zai iya hura wa addini rai bayan masu shi sun yi sanyi da shi. Na biyu, ya mai da makaranta makamin yaƙi. Wannan na biyun shi ya fi shafarmu, mu da muke zaune a jami'a.

Asalinsa da tashinsa

Ba za a gane Yuliyanus ba sai an san gidan da ya fito. A shekarar 303 Sarki Diyokilitiyan ya fara wa Kiristoci azaba mafi tsanani da suka taɓa sha a hannun Rumawa. Shekara goma kacal bayan haka, a 313, Sarki Kustantin da abokin mulkinsa Lisiniyus suka yi yarjejeniya a Milan, suka ba kowa 'yancin bin addininsa. Kustantin ya karkata ga Kiristanci, ya gina majami'u, ya yafe wa limamansu ayyukan gari masu nauyi. Yuliyanus ɗan ɗan'uwan Kustantin ne, an haife shi a Kustantiniyya, watau Istambul ta yau, wajen shekarar 331, uwarsa kuwa ta rasu yana jariri.

Da Kustantin ya rasu a 337, sai sojoji suka fāɗa wa mazan gidan sarauta, suka kashe uban Yuliyanus da wasu 'yan'uwansa da dama, don kada a sami mai yi wa 'ya'yan Kustantin takara. Yuliyanus da wansa Galus kaɗai aka bari a ɗakin ubansu, saboda ƙuruciya. Har ya mutu Yuliyanus yana ɗora alhakin wannan jini a kan Sarki Kustantiyus, ɗan Kustantin, wanda Kirista ne. Daga baya aka tsare su shekara shida a wani gidan gona na sarki a Kafadokiya, ba sa ganin kowa sai bayi da limamai. A 354 kuma Kustantiyus ya sa aka fille kan Galus. Mai karatu ya auna da kansa irin kallon da yaro maraya zai yi wa addinin waɗanda yake ganin su suka kashe ubansa.

Abin da ya ɗebe masa kewa shi ne littafi. Malaminsa na ƙuruciya, Mardoniyus, ya cusa masa son waƙoƙin Homa da Hesiyod, ya tashi Girkanci ne harshen zuciyarsa. Ya yi karatun littattafan Kiristanci sosai, har ya zama mai karanta nassi a majami'a. Amma wajen shekarar 351 ya haɗu da masu falsafar Aflaɗun, musamman wani Maksimus na Afisa, wanda ya haɗa falsafa da tsafi, sai ya bar Kiristanci a zuciyarsa. Ya ɓoye wannan sirri shekara goma, yana zuwa majami'a kamar kowa.

A watan Nuwamba na 355 Kustantiyus, da ya rasa namijin da ya rage a gidansu, ya naɗa shi Kaisar, watau mataimakin sarki, ya tura shi ƙasar Gal, inda Faransa take yanzu. An zaci ɗan makaranta ne da ba zai iya komai ba. Sai ga shi a 357 ya karya rundunar Alamanni a kusa da Istirasbug, ya kuma rage wa talakawan Gal haraji ƙwarai. A 360 sojojinsa suka ɗaga shi bisa garkuwa a birnin Paris, suka ce shi ne sarki. Ana shirin yaƙin basasa Kustantiyus ya rasu a watan Nuwamba na 361, Yuliyanus ya shiga Kustantiniyya cikin Disamba ba tare da an zub da jini ba. Shi a wurinsa wannan alama ce cewa gumaka sun zaɓe shi don ya raya addininsu.

Dabarun da ya bi

Dole a yi masa adalci a nan. Bai ba da umarnin a kashe kowa don addininsa ba, domin ya karanta tarihi, ya ga kisan da Diyokilitiyan ya yi bai ƙara wa Kiristoci komai ba sai shahidai da farin jini. Ya kamata kuma a tuna cewa sarakunan Kirista da suka gabace shi ba su bar masu gumaka sun sarara ba, don a zamanin Kustantiyus an yi dokar rufe haikalai, aka kuma sa hukuncin kisa a kan mai yi wa gunki yanka. Da Yuliyanus ya hau, ya buɗe haikalan, ya ce a mayar musu da filayensu da kayansu, ya janye gatancin da aka ba limaman majami'a, ya kuma ce duk bishop ɗin da aka kora saboda saɓanin aƙida ya koma garinsa. A ido wannan sassauci ne. Amma marubucin tarihi Amiyanus, wanda soja ne a rundunarsa, mai bautar gumaka, mai kuma ƙaunarsa, ya ce manufar sarkin ita ce Kiristoci su shagala da cin naman juna. Shaidar haka ita ce Atanasiyus na Iskandariyya, wanda ya koma kujerarsa a farkon 362, da sarkin ya ga yana haɗa kan jama'arsa maimakon raba su, sai ya sāke korarsa kafin shekarar ta ƙare. Haka nan da taron masu zanga-zanga suka kashe Bishop Jojis a Iskandariyya a watan Disamba na 361, abin da sarki ya yi bai wuce wasiƙar faɗa ba, sa'an nan ya aika a tattaro masa littattafan mamacin.

Dabara ta biyu ita ce ya gina wa addinin gumaka tsari irin na majami'a. Ya naɗa babban limami a larduna, ya rubuta musu cewa kada a ga mai hidimar haikali a gidan wasa ko a mashaya. Akwai wasiƙarsa ga Arsakiyus, babban limamin gumaka na Galatiya, inda ya umarce shi ya buɗe masaukan baƙi a kowane gari, ya kuma ware wa lardin mudun Rumawa 30,000 na hatsi kowace shekara don a raba wa matalauta da baƙi. Dalilin da ya bayar shi ne, abin kunya ne a ce Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu gumaka, alhali kuwa masu gumaka sun bar nasu a banza. Ya gane cewa kula da baƙo da binne gawa da jinyar marar lafiya su ne suka jawo wa Kiristanci mabiya.

To, a nan ne nake ganin ya ba da kansa. Addinin Rumawa da Girkawa na dā al'amarin gari ne, bukukuwa da yanka da jerin gwano, attajiran gari su biya, jama'a su ci nama su watse. Ba shi da littafi ɗaya, ba shi da aƙida ɗaya, bai kuma taɓa ɗora wa limaminsa ciyar da gwauruwa ba. Abin da Yuliyanus yake ƙoƙarin tayarwa bai taɓa rayuwa a siffar da yake so ba. Ya ɗinka wa gumaka riga da awon abokin gabarsu, da kuɗin baitulmali kuma, alhali sadakar Kiristoci daga aljihun mabiya take fitowa. Abin da baitulmali ya ɗauki nauyinsa, ranar da mai baitulmalin ya kau shi ke nan.

Dokar makaranta

Ranar 17 ga watan Yuni na 362 ya fitar da doka cewa duk mai son koyarwa sai majalisar garinsa ta amince da halinsa, sa'an nan a kawo wa sarki ya sa hannu. Wa zai ƙi a ce malami ya zama mai halin kirki? Amma sai ya biyo da bayani cewa wanda yake koyar da littattafan Homa da Hesiyod da sauran magabata, alhali bai yarda da gumakan da suka bauta wa ba, yana faɗin abin da ba shi ne a zuciyarsa ba, don haka ba shi da halin kirki. Ya ce irin waɗannan su tafi majami'a su yi ta fassara Matta da Luka.

Sai mun san yadda karatu yake a lokacin za mu gane nauyin wannan doka. Nahawu da balaga su ne ginshiƙin ilmin boko na Rumawa, ana kuwa koyar da su daga waɗannan tsofaffin littattafai. Wanda bai bi ta wannan hanya ba ba zai zama lauya ko gwamna ko magatakarda ba. Gaskiya ne dokar ba ta hana yaran Kiristoci shiga aji ba, malamai ta hana. Amma ta bar uba Kirista da zaɓi biyu, ko ya miƙa ɗansa ga malamin da zai koya masa girmama gumaka, ko ya bar shi ba ilmin da zai kai shi ko'ina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sarkin kuwa ya san haka sarai. Lissafinsa shi ne, cikin zamani ɗaya ko biyu Kiristanci ya koma addinin jahilai.

Mariyus Biktorinus, babban malamin balaga a birnin Rum, wanda ya shiga Kiristanci da tsufansa, ya ajiye aikinsa. A Atina, Furohiresiyus, wanda sarkin ya ce ya yafe masa dokar shi kaɗai, ya ƙi karɓar alfarmar, shi ma ya sauka. Wani uba da ɗansa, dukansu Abolinariyus, suka shiga mayar da labaran littafinsu cikin salon waƙar Girkawa don yara su sami abin karantawa. Girigori na Naziyanzus, wanda ya yi zaman ɗalibta tare da Yuliyanus a Atina a 355, ya yi masa raddi cewa harshen Girkanci da hikimarsa ba gādon masu gumaka ba ne su kaɗai. Shi kansa Amiyanus, mai son sarkin, ya kira dokar zalunci, ya ce ta cancanci a binne ta a manta.

Ni ina tare da Girigori da Amiyanus. Hujjar sarkin tana da kyan ji, amma in aka bi ta har ƙarshe babu jami'ar da za ta tsaya. Malamin da yake koya mana tarihin Fir'aunonin Masar ba lalle ne ya bauta wa rana ba, mai koyar da tunanin Makis kuma ba lalle ne ya zama ɗan gurguzu ba. Abin da ɗalibi yake bin malami bashi shi ne ya san fanninsa, ya kuma faɗe shi bisa amana. Ranar da hukuma ta ce sai ta leƙa zuciyar malami kafin ta ba shi alli, munafukai ne za su cika makaranta, don masu gaskiya irin su Biktorinus tafiyarsu za su yi.

Tarihi ma ya ƙaryata zaton cewa ilmi mallakar masu aƙida ɗaya ne. Furfuriyus, mutumin Taya, yana cikin manyan masu falsafar da Yuliyanus ya gāji tafarkinsu, ya kuma rubuta littafi na sūkar Kiristanci. Amma ɗan littafinsa na gabatarwa ga mandiƙin Arisɗo, Biktorinus ɗin nan ne ya juya shi zuwa Latin, Kiristocin Sham suka juya shi zuwa Suryananci, aka juya shi zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, har sunansa Isaguji ya zama sunan littafin Abhari da ɗaliban mandiƙi suka daɗe suna karantawa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kāre wannan fanni. Da kowace al'umma ta bi ƙa'idar Yuliyanus, da ilmin ya tsaya inda aka haife shi ya mutu.

Wani abin lura kuma, makamin da ya ƙera bai mutu tare da shi ba. An sassauta dokarsa a farkon 364, amma a 529 Sarki Jastiniyan, Kirista, ya hana masu bautar gumaka koyarwa, makarantar falsafa ta Atina ta rufe. Magādan waɗanda Yuliyanus ya so ya kāre su ne suka sha irin hukuncin da ya fara yankewa.

Dinyar Antakiya

A tsakiyar 362 sarkin ya sauka Antakiya don shirin yaƙi da Farisa. A bayan garin, a wani wuri mai itatuwa da ake kira Dafni, akwai shahararren haikalin gunki Afolo. Ranar bikin shekara ya garzaya can, yana tsammanin zai tarar da bijimai da turare da samari cikin fararen kaya. Shi da kansa ya rubuta cewa ba wanda ya tarar sai limami guda, riƙe da dinya ɗaya da ya kawo daga gidansa, garin kuwa bai aiko da komai ba. A ganina duk tarihin mulkinsa yana cikin wannan dinya.

Maimakon ya karanta alamar, sai ya ƙara ƙaimi. Ya sa aka tone ƙasusuwan wani shahidin Kirista mai suna Babilas daga Dafni, Kiristoci suka ɗauke su da jerin gwano suna waƙa. Ranar 22 ga Oktoba haikalin ya ƙone, sarki ya zargi Kiristoci, ya rufe babbar majami'ar garin. A lokacin kuwa ana fari, ga rundunar soja ta cika gari, abinci ya yi tsada. Ya ƙayyade farashi, ya shigo da hatsi, sai 'yan kasuwa suka saye suka ɓoye. Shi kuwa yana ta yanka bijimai, wani lokaci ɗari a zama ɗaya, har Amiyanus ya ce kullum sai an ɗauko sojoji a kafaɗa daga haikali saboda ƙoshi da maye. Mutanen gari suka shiga yi wa gemunsa zambo. Da ya rasa yadda zai yi da su, sai ya rubuta littafi a farkon 363 mai suna Maƙiyin Gemu, yana yi wa kansa ba'a yana kuma zaginsu a fakaice. A wannan hunturu ne ya rubuta littafinsa na sūkar Kiristoci, waɗanda ba ya kiran su sai da Galilawa. Ya kuma ba wani Alifiyus aikin sāke gina haikalin Yahudawa a Ƙudus, wanda Rumawa suka rushe a shekarar 70, amma aikin ya tsaya tun a harsashi, Amiyanus ya ce wuta ce ta riƙa tasowa tana ƙona ma'aikata.

Ranar 5 ga Maris na 363 ya bar Antakiya da babbar runduna. Ya kai har ƙofar Madā'in, babban birnin Sarki Shafur na Biyu, ya kasa cin ta, ya ƙone jiragen ruwansa, ya juyo ta gefen kogin Dijla cikin yunwa da zafi. Ranar 26 ga Yuni, a kusa da Samarra, ya shiga faɗa ba sulke, mashi ya same shi a hanta, ya cika a daren nan bai wuce shekara 32 ba. Maganar da ake yaɗawa cewa ya watsa jininsa sama yana shaida wa Bagalile nasara, marubutan Kirista na baya ne suka kawo ta. Amiyanus, wanda yake cikin rundunar, ya ce sarkin ya ƙarasa numfashinsa yana tattauna al'amarin ruhi da masu falsafa.

Da ya daɗe fa?

Na san wani zai ce ban yi masa adalci ba. Kustantin ya yi shekara 31 yana mulki, Yuliyanus ko wata 20 bai cika ba. A zamaninsa ƙauyuka da yawa da manyan gidajen birnin Rum suna nan kan addinin dā, sojoji da ma'aikata kuma inda sarki ya karkata nan suke karkata. Da mashin nan ya kuskure shi, ya yi shekara talatin, wa ya san yadda duniya za ta kasance?

Wannan magana tana da nauyi, ba na kuwa raina ta. Lalle da ya daɗe da ya jinkirta al'amura, da kuma masu neman muƙami da yawa sun bi shi. Amma a duba abin da ya faru washegarin mutuwarsa. Hafsoshinsa suka fara miƙa sarauta ga Salutiyus, dattijo mai bautar gumaka, ya ƙi saboda tsufa, sai suka naɗa Jobiyan, Kirista, ba wanda ya zare takobi don gumaka. Jobiyan ya ba Farisa birnin Nasibin da larduna biyar don ya tsira da rundunar. Yuliyanus bai bar ɗa ba, bai naɗa magāji ba, bai kuma bar wata jama'a da za ta ci gaba da aikin ba. Kiristanci ya yi kusan shekara 300 ba sarki a bayansa, ya sha azabar 303 ya fita da ransa. Gyaran Yuliyanus kuwa bai yi shekara ɗaya a bayan mai shi ba. Su kansu masu gumakan, yawancinsu biki da wasa suke so, tsananin ibadarsa da yawan yankansa sun gundure su. Kafin shekara talatin ta cika, a 391 da 392, Sarki Tiyodosiyus ya haramta yanka ga gumaka gaba ɗaya.

'Yan'uwana ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama kwamishinonin ilmi da shugabannin makarantu da masu tsara manhaja, kowannenmu kuma yana da abin da yake ƙauna, yake jin zafin ganin yana dusashewa, ko harshe ne, ko al'ada, ko aƙida. Jarrabawar da za ta zo mana ita ce wadda ta zo wa Yuliyanus, watau mu ce tun da alƙalami yana hannunmu, bari mu rufe wa wancan baki don namu ya tashi. Shi ya fi mu iko nesa ba kusa ba, ya fi yawancinmu karatu, bai tara dukiya ba, bai bi sha'awa ba, duk da haka abin da ya tarar a haikali dinya ɗaya ce. Wanda yake son abinsa ya rayu, sai ya koyar da shi da kyau, ya yi wa mutane hidima da shi daga aljihunsa da guminsa, ya kuma bar malamin da ba su dace a ra'ayi ba ya ci gaba da darasinsa, domin dokar da ka yi wa wani yau ita za a karanta wa ɗanka gobe. Allah ya sa mu gane.